Kashi na 14: Tayar Babur, Daga Dajin Kongo Zuwa Hanyar Kebbe

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau tarihin taya za mu yi. E, tayar babur. Na san wani zai ce tarihin sarakuna ya ƙare ne da za a koma kan taya? Ku dai biyo ni, akwai dalili.

Ina da ƙane, ɗan kawuna ne, yana zaune a Tambuwal. Bara ya sayar da shinkafarsa ya sayo wani ƙaton babur na hannu, irin na doguwar tafiya ɗin nan da idan aka murɗa shi unguwa duka sai ta leƙo. Turawa sun ƙera irinsa ne don mutum ya yini yana gudu a kan kwalta mai santsi ba tare da bayansa ya gaji ba. Da babur ɗin ya iso, tayar baya ta suɗe. Sai ya shiga birni ya samo wata 'yar Beljiyam, sunan babban kamfani a jikinta, zanenta raɗau kamar ba a taɓa hawa ba, kuma kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Ya turo min hoto yana murna, ni kuma na ce masa Allah ya sa albarka. Ban san komai a kan taya ba a lokacin.

Da damina aka gayyace mu ɗaurin aure a wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. Ya goya ni muka tafi. A dawowa, bayan la'asar, muna kan burji, sai muka ji fam! Babur ya yi rawa da mu, Allah ya tsare ba mu faɗi ba. Tayar nan ta tsage ta gefe, tsagar da yatsa uku za su shiga. Duk wanda ya san yankin nan da ya yi iyaka da Zamfara ya san cewa a 'yan shekarun nan ba wanda ke son magariba ta same shi a tsaye a hanya. Muka tura babur mai nauyin fiye da buhu biyu na shinkafa har muka kai wani ƙauye. Wani dattijo mai faci ya haska tayar da tocilan, ya shafa, ya ce wa ƙanena: "Ɗana, wanga babur naka mai kyau na, amma wagga taya ta tsufa tun ba ta zo hannunka ba. Kuma ko da kuɗi, babu irinta nan." Ya nuna mana wasu lambobi huɗu a gefenta, 2313. A gidan wani bawan Allah muka bar babur ɗin, ɗan kabu-kabu mai Boxer ya kwaso mu biyu zuwa gida.

Lambobin nan huɗu su ne suka sa na shiga tonon tarihin taya. Zan dawo kansu. Bari mu fara daga tushe.

Roba danƙon itace ce. Mutanen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu sun san ta tun kafin Turawa su je can, har ƙwallo suke yi da ita. Matsalarta ɗaya, idan aka yi zafi sai ta narke ta yi yauƙi, idan aka yi sanyi ta ƙage ta karye. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear shi ya gano a 1839 cewa idan aka gauraya ta da farar wuta aka dafa, sai ta tsaya daram, zafi ko sanyi. Turawa suka raɗa wa wannan aiki suna daga sunan gunkin wuta na Rumawa, Vulcan. Daga nan kalmar bokanaiza ta fito. Wato duk sanda ka ga mai faci ya ɗora tif a kan ƙarfe mai zafi ya danne, aikin Goodyear yake maimaitawa. Shi kuwa Goodyear ya mutu a 1860 da bashi a wuyansa. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa sai bayan shekara 38 da mutuwarsa wasu suka kafa shi.

Tayar da ake hura wa iska kuma, wadda muka sani, ta yaɗu ne daga hannun wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, a birnin Belfast a 1888. Ɗansa ne ke shan jijjiga a kan kekensa mai ƙafa uku, sai uban ya naɗa masa tiyon roba cike da iska a wili. An riga shi tunanin, domin wani Robert Thomson ya yi rajistar irinta tun 1845, amma ta Dunlop ce ta zo daidai da lokacin da Turai ta haukace da hawan keke. A 1891 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi faci a mayar, ba sai an manne ta a wili ba. Daga keke aka koma mota da babur. Nan da nan duniya ta shiga neman roba ido rufe.

To a nan ne labarin ya yi muni. A lokacin ba a noman roba, a daji ake tatsarta. Sarkin Beljiyam, Leopold na Biyu, ya mallaki ƙasar Kongo a matsayin gonarsa ta kansa daga 1885 zuwa 1908. Aka yanka wa kowane ƙauye adadin robar da zai kawo. Ƙauyen da ya gaza, a kama matansa a tsare, a ƙone gidaje, a harbe mutane. Hotunan mutanen da aka guntule wa hannu suna nan har yau, har da yara ƙanana. Masana tarihi suna lissafa waɗanda suka halaka ta kisa da yunwa da cuta da miliyoyi. Shi ya sa duk sanda na ji an ce taya 'yar Beljiyam, sai gabana ya ɗan faɗi. Sunan ya zo ne daga tashoshin jiragen ruwan Beljiyam da ake loda kayan hannu zuwa Afirka, amma ƙasar nan tana da tsohuwar alaƙa da roba tun kafin haka.

Mu ma zazzaɓin ya taɓa mu. A Ikko, cinikin robar daji ya tashi sama wajen 1895, cikin 'yan shekaru aka tatse itatuwan har suka mutu, kasuwar ta rushe. A nan Arewa kuwa, bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, cikin abubuwan da kamfanoninsu suka riƙa saye har da danƙon gamji, wanda suke kira robar Kano. Bai yi ingancin da za a yi taya mai kyau da shi ba, amma ka ga har gamjin bakin kasuwa sai da aka sa masa ido.

Abin da ya kashe kasuwar robar daji shi ne wata dabara ta Ingilishi. A 1876 wani Henry Wickham ya kwashi iri kusan 70,000 na itacen roba daga dajin Amazon na Barazil ya kai lambun Kew a Landan. Kaɗan suka tsiro, aka kai dashen Silon da Malaya, wato Sri Lanka da Malesiya na yau. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya gonakin Asiya sun kere Barazil. Har gobe Tailan ce kan gaba a duniya, a Afirka kuma Kwaddibuwa. Amurkawa da suka ga Ingila ta riƙe wuyan kasuwa, sai kamfanin Firestone ya je Laberiya a 1926 ya karɓi hayar ƙasa har eka miliyan ɗaya na shekara 99, a kan santi shida kowace eka. A 1942 kuma Japan ta ƙwace Malaya, Turawa suka rasa roba ana tsakar yaƙi. Wannan ya sa aka matsa wa Najeriya ta ƙara tatsa, ya kuma sa Amurka ta duƙufa kan robar da ake haɗawa daga man fetur. Tayar da ke ƙarƙashin babur ɗinka yau gauraye ce, akwai danƙon itace, akwai na fetur, akwai zare da waya. Baƙin launinta kuma na wani gari ne mai kama da kunkunniya da ake zubawa don ƙarin ƙarko. Tayoyin farko farare ne, shi ya sa mutum-mutumin nan na tallan Michelin, wanda aka ƙirƙira a 1898, yake fari har yau.

Yanzu mu dawo gida. Wataƙila da yawa cikinku ba su san cewa Najeriya ta taɓa yin tayarta ba. A farkon shekarun 1960 Michelin ya buɗe masana'anta a Fatakwal, Dunlop ya buɗe tasa a Ikeja. Robar tana fitowa daga gonakin ƙasar Bini da Sapele da Kalaba, a sarrafa ta a gida, ta hau kwalta a gida. Iyayenmu da suka sayi Honda da Yamaha da Vespa da kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 sun rayu a ƙasar da ke da masana'antun taya biyu. Daga baya wuta ta gagara, kowace masana'anta ta koma kan janareta, gwamnati kuma ta rage harajin shigo da taya daga waje. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a 2008. Robar tana nan ana tatsa a Kudu, sai dai fita take yi ɗanya, ta dawo mana a matsayin taya daga Sin da Indiya da Tailan, da kuɗin dala.

Abin takaicin, masana'antun sun rufe ne daidai lokacin da babur ya zama ƙafar talaka. Bayan tsuke bakin aljihun 1986, kabu-kabu ya zama sana'a. Sai Jincheng da 'yan'uwansa na Sin suka shigo da araha, sai Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya zo ya mamaye karkara. Ka tsaya bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Boɗinga da Shagari ta ratsa Tambuwal zuwa Jega, ranar kasuwa, ka ƙirga. Tambuwal ɗin nan da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ya mai da ita ribaɗi, a wancan zamani doki ne abin hawan da ake ji da shi, kuma mai doki kofato yake fara dubawa kafin ya saya. Yau babur ne ke kai albasa da shinkafa daga fadama, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malamin makaranta ƙauye. Amma mu jikokin masu duba kofato, fenti da ƙarar inji muke dubawa. Alhali duk nauyin nan, kai da fasinja da buhu, yana tsaye ne a kan roba guda biyu da inda kowace ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba.

To, lambobin nan huɗu. Tun daga shekarar 2000, masu ƙera taya suna buga ranar haihuwarta a gefe, yawanci a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2313 na nufin mako na 23 a 2013. Wato tayar da ƙanena ya saya ta haura shekara goma a duniya. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma zafi irin namu, da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana gaggauta mata tsufa. Zane zai iya zama cif, ciki kuwa ya mutu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa cewa a ɗauki shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adi. Wasu kamfanonin suna cewa bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kuma kome kyanta kada ta wuce goma. Ko wanne ka bi, tamu ta faɗi jarrabawa. Ƙari a kan haka, tayar hannu tana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su. Ta ɓarauniyar hanya take zuwa, sau da yawa an cusa ɗaya cikin ɗaya don a rage wuri, abin da ke lanƙwasa wayar da ke riƙe bakinta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma fa sai in ya san rariya ce.

Da muka koma ɗauko babur ɗin, sai muhawara ta tashi: wace taya za a saka? Ga abin da na koya, kuma ya shafi mai ƙaton babur da mai Boxer duka.

Na farko, girma. A jikin tayar ƙanena an rubuta 180/55 ZR17. Faɗinta milimita 180 ke nan, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 17. Harafin R na nufin radiyal, wani salon saƙa zaren ciki da Michelin ya yi wa rajista a 1946 don mota, bai iso kan baburan kasuwa ba sai a shekarun 1980. Boxer da ire-irensa kuwa, irin su 2.75-17 da 3.00-17 za ka gani, masu tsohon salon saƙa, da tif a ciki. Abin da kamfanin babur ya rubuta shi za ka saka. Samari suna son cusa taya mai faɗi don ado, amma idan ta fi ƙarfin wili sai siffarta ta canja, babur ya ƙi kwanciya daidai a kwana. Kuma ba a haɗa radiyal da wadda ba radiyal ba haka kawai.

Na biyu, nauyi. Bayan girman akwai wata lamba da harafi, misali 73W. Lamba 73 na nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 365 ne, harafin kuma iyakar gudu. Mai ɗora buhu biyu da mutum a baya, wannan lambar ta fi sunan kamfani muhimmanci a gare shi.

Na uku, kuma shi ne babba, hanya. Tayar tsere laushi gare ta, tana kama kwalta kamar danƙo, amma ba ta daɗewa, kuma zanenta kaɗan ne. Tayar doguwar tafiya an yi tsakiyarta da roba mai tauri don kada miƙaƙƙiyar hanya ta cinye ta, gefunanta kuma da mai laushi don kwana, ga zanen da ke kore ruwa. Akwai kuma mai haƙora, wadda aka yi don rabi kwalta rabi burji. Wannan tana ƙara a kan kwalta kuma ba ta son gudu mai yawa, amma a rairayi da taɓo ita ce ke fitar da kai kunya. Duk wadda aka ƙera, akwai hanyar da injiniyan ya sa a ransa. Wanda ya zana tayar ƙanena, manyan titunan Jamus da duwatsun Faransa yake hange. Bai taɓa jin ƙayar aduwa ba.

Na ce wa ƙanena ya zauna ya lissafa tafiyarsa ta wata guda da gaskiya. Ya ce mafi yawa Tambuwal zuwa Sakkwato ne, ko Jega da Birnin Kebbi, duk kwalta. Ƙauye kuwa sai ɗaurin aure ko ta'aziyya. Sai muka yanke cewa ya sayi sabuwar tayar doguwar tafiya, gaba da baya iri ɗaya, wadda shekarunta ba su wuce biyu ba, ko da ta kamfanin da bai yi suna sosai ba ce. Ya ce, "Yaya, kuɗin fa ya kusa sayen ƙaramin babur na hannu." Na ce to ai shi ne kuɗin riƙon babban babur, wanda ba a faɗa maka ranar saye. Sai da ya jira wata biyu kafin ya haɗa kuɗin, aka aiko masa da su daga Kano. Tafiyar cikin ƙasar Kebbe kuwa, ya koma aron Boxer ɗin kawu. Dalili shi ne maganar dattijon nan: ko da kuɗi, babu irinta nan. Tayar Boxer kowane mai faci yana da tif ɗinta, kowace kasuwar ƙauye akwai ta. Taya marar tif idan ƙusa ta soke ta a tsakiya ana iya toshewa a lallaɓa, amma idan gefe ya tsage, zance ya ƙare. A hanyar da tsayuwa kanta haɗari ce, tayar da za ka iya samun madadinta ta fi tayar da ta fi kowace tsada.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ba sa cin ko sisi. Akwai kibiya a gefen taya mai nuna inda za ta riƙa juyawa, ka tsaya ka ga mai faci ya bi ta. Cikin ramin zane akwai 'yan tudu ƙanana, idan zanen ya suɗe ya yi daidai da su, lokacin canji ya yi. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, da ma'auni, a daina dannawa da babban yatsa. Idan ka ga tsattsage ƙanana a gefe kamar faso, ta fara sallama. Sabuwar taya kuma tana da santsi a kwanakin farko, a bi ta a hankali.

Ita kuwa waccan 'yar Beljiyam, mun bar wa dattijon. Na tabbata ba ta tafi a banza ba, domin mu nan taya ba ta mutuwa. Za a yanka ta takalmi, tsohon tif ya zama guga ko igiyar ɗaure kaya, yara su yi danƙon harbin tsuntsu, wata kuma su yi ta garawa a layi. A wannan fannin kam ba wanda ya kai mu. Inda aka bar mu a baya shi ne mu riƙa karɓar abin da wasu suka gama da shi muna ɗora rayukanmu a kai, a ƙasar da itacen roba ke tsiro.

Aikin gida na wannan makon: kafin ka tayar da babur gobe da safe, ka durƙusa ka nemo lambobin nan huɗu. Ka duba na babanka, ka duba na ɗan kabu-kabun da ke kai ƙannenka makaranta. Wanda ya samu wadda ta girmi tamu ta 2013, ya sanar da mu, za mu faɗa a shiri na gaba.

Allah ya tsare mu a hanya, ya kawo mana zaman lafiya a Kebbe da Tambuwal da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a kashi na 15. Wassalamu alaikum.